Kayyade diyyar sakacin likita a Amurka ba ya nufin an rage diyyar kuɗin magani

Da yawa na ɗauka cewa idan jiha a Amurka ta kayyade diyyar sakacin likita, to komai girman ɓarnar, ɗan kuɗin da doka ta yanke kawai za a biya. A mafi yawan jihohin ba haka abin yake ba. Kotu na raba diyya kashi biyu: asarar da ake iya lissafawa, kamar kuɗin asibiti da albashin da mutum ya rasa, sai kuma raɗaɗi da ƙuncin rayuwa. Wannan na biyun ne galibi ake yi wa iyaka.

Jihar Kalifoniya ta sa wannan iyaka a kan dala 250,000 a 1975, ta bar ta haka har 2023, da ta koma 350,000, ko 500,000 idan an rasa rai. Jihar Tekzas ta kafa irin tata a 2003.

Inda gizo ke saƙar shi ne yaro, tsoho da matar da ba ta aikin albashi. Asarar kuɗin shigarsu kaɗan ce, don haka yawancin haƙƙinsu na cikin ɓangaren da aka kayyade, lauyoyi kuma kan guji irin shari'arsu saboda tsadarta. Likitoci da kamfanonin inshora su kuma suna cewa rashin iyaka na ƙara tsadar inshorarsu.