Ido kaɗai ba ya tace irin dankali yanzu

Manomin dankalin Turawa a Bokkos ko Mangu ya san yadda ake yi da shuka mai ciwo: idan ganye ya yi dabbare-dabbare ya tattakure, sai a tuge ta a yar. Dabarar ta yi aiki a kan tsohon nau'in PVY, wata ƙwayar cuta (bairos) da ke kama dankali, wanda ake kira PVY-O, domin shi galibi ba ya ɓuya. Ganye ne ke fara tona masa asiri.

Sababbin nau'o'in ba haka suke ba. An fara ganin ɓarnar PVY-NTN a Hungary a farkon shekarun 1980, shi kuwa PVY-N-Wi a Poland aka gano shi, a jikin wani irin dankali mai suna Wilga. Dukkansu gaurayen tsofaffin nau'o'i biyu ne, O da N. A irin dankali da yawa, ko da shuka ta kamu da su, ganyenta kan yi kore shar, mai duba gona ya wuce bai ga komai ba. Sai an haƙo, ko ma bayan an ajiye a ɗaki, NTN ke fito da zobba masu ruwan ƙasa a bayan dankalin, su lotsa ciki. Wa zai sayi wannan a kasuwa? Nicola, wanda ake nomawa sosai a Filato, yana cikin irin da wannan tabo ya fi kamawa.

A Amurka an tuge mai bayyana kansa, mai ɓuya ya samu fili, har N-Wi ya zarce O a manyan yankunan noman dankali.

Wasu za su ce a ƙara feshi, tunda darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ce ke yaɗa cutar. Asarar kuɗi ce galibi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi darɓa ke ɗanɗana ganye ta ɗauki cutar ta kai gaba, kafin maganin ya kashe ta aikin gama ya gama.

Ga kuma ɗabi'armu ta sayar da manyan dankali a ajiye ƙanana don iri, alhali shuka mai ciwo ce ta fi haifar ƙanana.

A ganina, kuɗin da gwamnatin Filato ke warewa noman dankali ya kamata ya fara zuwa gwajin iri. Cibiyar binciken dankali da ke Kuru tana kusa. A ba ta kayan gwaji da ma'aikata, ta riƙa tantance nau'in cutar da ke cikin iri kafin buhu ya isa hannun manomi.