Mai tafiya cikin barci amana ne a hannunmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Duk wanda ya taɓa kwana gida ɗaya da mai tafiya cikin barci ya san faɗuwar gaban da ake yi. Dare ya fara nisa, ka ji motsi, ka leƙa ka tarar da yaronka a tsaye, ido buɗe, yana lalubar ƙofa. Ka kira sunansa ya dube ka kamar bai taɓa ganinka ba, ko ya yi wata magana da ba kai ba gindi. Da safe ka tambaye shi, ya ce shi sam bai san an yi ba. Kuma gaskiyarsa ya faɗa.

Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya. Wani ya ce aljanu ne, wani ya ce sihiri aka yi masa, wani ya ɗauki waya yana ɗaukarsa hoto don a yi dariya. Mafi muni, sai a riƙe sunan da ya ambata cikin magagi a ce ga wanda ke binsa da sharri. Subhanallah! Zumunci ya tsinke a kan maganar da mai ita bai san ya yi ba.

Manzon Allah (SAW) ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, ya ambaci mai barci har sai ya farka. Wanda mala'iku ba su rubuta masa ba, kai a wane dalili za ka rubuta masa? Ubangiji ya faɗa a Suratuz Zumar, aya ta 42, cewa Shi ke karɓar rayuka lokacin mutuwarsu, da waɗanda ba su mutu ba a cikin barcinsu. Mai barci ba ya hannun kansa.

Likitoci sun bayyana cewa tafiyar tana faruwa ne a lokacin barci mai nauyi, galibi a kashin farko na dare. Wani sashe na ƙwaƙwalwa ya farka har ƙafa ta ɗauki jiki, sashen da ke gane mutane da wuri kuma yana barci. Shi ya sa idan aka girgiza shi ya tashi a ruɗe, bai san inda yake ba, wani lokaci har ya kai duka don tsoro. Ta fi yawa a yara, tana bin jini a wasu gidaje, kuma rashin isasshen barci, zazzaɓi, damuwa da wasu magunguna suna tayar da ita. Yawancin yara suna dainawa idan sun tasa. Mafarkin nan mai tsawon labari kuwa ya fi zuwa can wajen asuba, lokacin da gaɓɓai ke sake ba sa motsi. Don haka sau da yawa mai tafiyar ba wani mafarki yake bi ba balle a nemi fassararsa.

Kada a daka masa tsawa, kada a watsa masa ruwa. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai suna cikin tafiya, ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa ya farka a firgice, sai Annabi (SAW) ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Igiya kawai fa. A kama shi a hankali, a yi masa magana ƙasa-ƙasa, a mai da shi shimfiɗarsa. A kulle ƙofofi, a kawar da wuƙa da wuta, a nisanta shi da matakala. An ruwaito hani daga Annabi (SAW) game da kwana a saman ɗakin da ba shi da katanga, kun ga ɗaukar matakin kariya yana cikin addini.

Game da mafarki kuwa, hadisin Abu Huraira ya raba shi uku: bushara daga Allah, da baƙantawa daga Shaiɗan, da abin da mutum ya wuni yana saƙawa a ransa. Na ukun nan muke yawan mantawa da shi. Wanda ya kwanta da tunanin bashi ya ga ana binsa a guje, ransa ne ke maimaita masa damuwarsa. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa wani ya zo ya ce ya ga an sare masa kai, Annabi (SAW) bai fassara masa ba, ya hana shi ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi cikin barci. An tambayi Imam Malik ko kowa zai iya fassara mafarki, ya ce shin da annabta ake wasa? Mafarkin kirki yanki ne cikin yanki 46 na annabta, bai kamata ya zama abin da kowa ke yanke wa hukunci a ƙarƙashin rubutun Facebook ba.

Wanda ya ga abin ƙi ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsarin Allah, ya juya ɗaya gefen, kada ya faɗa wa kowa. Kafin kwanciya a karanta wa yara Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, a tofa a tafin hannu a shafe musu jiki, a kuma kwantar da su da wuri su sami barci isasshe. Idan abin ya yawaita, ko ana jin rauni, ko ya fara wa mutum bayan ya girma, a kai shi asibiti, domin wani nau'in farfaɗiya da ke zuwa da dare yana kama da wannan, kuma likita ne zai iya bambance su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana barcinmu da farkawarmu.