Ku gyara mana famfo kafin ranar ɗaukar hoto

Na daɗe ina koyarwa a sakandaren 'yanmata ta jeka-ka-dawo, kuma rajistar aji tana gaya mini abin da yaran ba sa iya furtawa. Yarinya mai ƙoƙari, amma duk wata sai ta ɓace kwana uku ko huɗu. In ta dawo na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ba ni da lafiya ne." Ni da ita mun san ciwon.

Ku zo ku ga banɗakinmu. Ƙofofi babu sakata, famfo ya bushe tun da burtsatse ta lalace. Yarinya tana al'ada, ta zauna daga ƙarfe takwas zuwa biyu da ƙunzugu ɗaya, ba wurin canzawa, ba ruwan tsarki, ga ciwon mara, ga fargabar kada jini ya ɓata mata inifom ƙawaye su gani. Wallahi ko ni ce zan zauna a gida. Akwai wadda na ɗaura wa mayafina a ƙugu na raka ta bakin get tana kuka. Sati guda ban sake ganinta ba, kuma a satin muka yi gwajin lissafi.

Duk 28 ga Mayu, ranar tsaftar al'ada ta duniya, ƙungiyoyi kan zo su raba audugar mata a ɗauki hoto, kuma ina gode musu da zuciya ɗaya. Sai dai fakiti ɗaya wata guda yake yi, kuma ko audugar tana hannu, a ina za a canza ta? A Kenya tun 2017 doka ta ɗora wa gwamnati bai wa ɗalibai mata auduga kyauta. Mu a nan Najeriya an cire wa wadda ake sarrafawa a cikin ƙasa harajin VAT a 2020, amma uban da ke fafutukar kwanon masara har yau ba ta cikin lissafinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shirun iyaye maza ne. A taron iyayen yara ana awa guda kan kuɗin jarrabawa, da an ambaci banɗakin mata sai kowa ya kau da kai, wai kunya. Alhali malamanmu suna karantar da babin haila a fili cikin littattafan fiƙihu, ba wanda ya ce sun yi rashin ta ido.

A taro mai zuwa zan sake miƙewa, kuma buƙatata ba ta canza ba: a gyara burtsatse, a sa sakata, a ajiye buta da sabulu.