Fargabar jarrabawa ba lalaci ba ce

Shekarun da na yi ina koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke karkarar Ringim sun nuna mini cewa yawancin yaran da suke rikicewa a zauren jarrabawa ba daƙiƙai ba ne. Akwai wata ɗaliba da na koya wa lissafi shekara uku, wadda takan warware tambaya tun kafin in gama rubuta ta a allo, amma ranar da aka ajiye mata takardar NECO, jarrabawar kammala sakandare, sai hannunta ya kama rawa, ta daɗe ba ta rubuta komai ba in ban da sunanta da lambarta. Da ta fito, cewa ta yi: "Malam, wallahi kaina ne ya ɗauke, kamar an ɗauke wuta."

Na yarda da ita, domin haka jikin ɗan Adam yake. Idan tsoro ya kama mutum, jiki yakan saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, baki ya bushe, hankali kuma ya tattara wajen neman tsira, har abin da aka haddace ya ƙi fitowa. Karatun yana nan, hanyar isa gare shi ce ta toshe.

Abin da ya fi damuna shi ne, mu manya ne muke ƙara wa tsoron nan nauyi. Uba ya sayar da buhun gero ko ɗan akuya ya biya kuɗin rajista, sannan kullum ya riƙa tuna wa yaro. Yarinya kuma an riga an faɗa mata cewa idan ba ta samu kiredit biyar haɗe da Turanci da lissafi ba, bokon ya ƙare, sai aure. Ga shi NECO tana faɗowa a watannin Yuni da Yuli, daidai lokacin shuka da noman fari, yaro ya yini a gona sannan ya kwana karatu da fitilar waya, yana cin goro don kada barci ya ɗauke shi. Iyayena, na san wahalar da kuka sha kafin ku haɗa kuɗin nan, ban kuma raina ta ba. Roƙona shi ne ku ɗaga wa yaro aikin gona a makonnin jarrabawa, ku bar shi ya yi barci, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta. Idan zai fita, ku ba shi koko ya karya, ku sa masa albarka, kada ku raka shi da gargaɗi.

Sai batun JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, wadda tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Ɗan ƙauyenmu zai yi sammako ya shiga mota zuwa Dutse ko Kano, a zaunar da shi gaban na'urar da bai taɓa taɓawa ba, agogo yana raguwa a gaban idonsa, na kusa da shi ɗan birni yana ta danne-danne. Rabin fargabarsa baƙunta ce kawai. Alhali haruffa kaɗan ake buƙata: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na komawa baya. Wanda ya gwada sau uku ko huɗu da agogo a gefensa ba zai shiga da irin wannan faɗuwar gaba ba, shi ya sa nake matsa wa ɗalibaina su zauna jarrabawar gwaji da hukumar JAMB take shiryawa.

A cikin zaure, abin da nake koya musu ba shi da yawa. Bayan bisimilla da addu'a, yaro ya ajiye biro, ya shaƙi iska a hankali ta hanci, ya fitar da ita a hankali fiye da yadda ya shaƙa, kamar sau biyar, domin hakan yana rage bugun zuciya. Sannan ya fara da tambayar da ya fi sani, wadda ta gagara ya tsallake ta ya dawo daga baya. Wanda kuma fargaba ta hana shi ci da barci kwana da kwanaki, a kai shi asibiti, kada a ce masa raki ne ko raunin imani.

A bana wani ɗan garinmu da ke aiki a Kano ya ara mana kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Duk Asabar bayan la'asar yara 14 suke layi a kanta a ƙofar gidana, kowa minti 15. Idan akwai mai wata da ba ya amfani da ita, muna buƙata kafin lokacin JAMB ya zo.