Yadda na dawo Gombe da suwaitar Goggo

Wallahi duk wanda bai kwana a Gombe cikin watan Afrilu ba kada ya zo yana min maganar zafi. Rana kamar an sauko da ita an ɗora a kan kwanon ɗakinka, ma'auni ya haura 40, ga wuta an ɗauke tun la'asar, fanka na kallonka kana kallonta. Ni dabarata in jiƙa zani in lulluɓa a tsakar gida, to kafin in gama addu'ar kwanciya ya bushe ƙayau. Ruwan randa ma sai ka ce na haɗa shayi.

Ana cikin haka Goggo ta kira wai in zo Jos ɗaurin auren autanta. Hamma ya ce ka tafi da rigar sanyi fa. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce haba Hamma, a bazarar nan? Na zura 'yar shara-sharata da silifas na kama hanya.

Mun wuce Alkaleri, mun wuce Bauchi ana ta zuƙar piya wata, daga Toro sai iska ta fara canja hali. Ashe garin nasu a kan tsauni yake, wajen mita 1,200, kuma su damina ta riga ta leƙo musu mu muna can muna ɗaga kai sama. Da magariba aka tsuge da ruwa, kafin isha haƙorana sun fara kiɗan ƙwarya, su kuwa yaran gidan suna yawo da singileti wai yau ai zafi ake yi. Zafi fa!

Goggo ta ce "ɗan nan zazzaɓi ne?" Na ce a'a Goggo, gajiyar mota ce. Ba ta ce komai ba ta shiga ɗaki ta fito da suwaitarta, ruwan hoda, da furanni a ƙirji, sai ƙamshin turaren wuta take. Da ita na kwana, da ita aka ɗaura aure, duk hoton da aka ɗauka ina ciki kamar uwar amarya.

Ranar dawowa da safe akwai sauran sanyi, na ce bari in cire a hanya. Mu huɗu aka cusa a baya, barci ya sace ni, ban farka ba sai Alkaleri rana ta take, gumi har cikin kunne, ga ba halin ɗaga hannu balle cire riga. Wani dattijo a gefena ya daɗe yana kallona, can ya ce "Malam, Allah ya ƙara sauƙi, asibiti za ka?" Na ce amin Baba.

A tasha Hamma na kan mashin yana jirana. Ko sannu da zuwa bai min ba, waya ya fara zarowa.