Sugan da muke sha ba ma ƙirga shi

Jiya da asuba na tsaya wajen mai shayi a Bauchi Road, kun dai san sanyin Jos, yatsu ma ba sa miƙewa. Wani bawan Allah kusa da ni ya ce a haɗa masa kauri, ina kallo aka zuba suga babban cokali uku, aka tsiyaya madara, aka ƙara Milo, ga burodi a gefe. Ya kurɓa sau ɗaya ya ce "maigida ɗan ƙara suga." Wallahi sai da gabana ya faɗi, don haka yayana ya yi ta sha shekara da shekaru, yanzu kullum da safe sai ya soki yatsa ya auna jini kafin ya sa komai a baki.

Ban ce suga kaɗai ke kawo ciwon suga ba, akwai gado, akwai ƙiba, akwai zama wuri ɗaya ba motsa jiki. Amma abin da ke damuna shi ne mu sai mun ga farin suga a cokali muke kiransa suga. Wanda ke cikin lemon kwalba, zoɓo, kunun aya, yogot, fura da nonon da ake lafta wa, duk ba ma sa su a lissafi. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, ga babba wajen ƙaramin cokali 12 ke nan, in ya tsaya a 6 ya fi. To robar lemo guda mai 50cl kaɗai tana ɗauke da wajen cokali 13, kuma ba ta ƙosar da kai, ka shanye ka zauna ka ci tuwonka daidai.

Sai maganar malt da madara wai yana ƙara jini. Haba jama'a! Mara lafiya na kwance a asibiti mu kai masa katan guda, har mai ciwon sugan ma. Zuma kuma da ake cewa ba komai, ita ma cikin lissafin nan take.

Yaran ne suka fi ba ni tausayi. Ɗiyar maƙwabciyarmu shekararta biyar, haƙoran gaba duk sun yi baƙi sun gutsire, kullum da jus ɗin kwali da biskit a jakar makaranta. Ƙwayoyin cutar baki ne ke cin sugan su mai da shi asid, shi ke cinye haƙori a hankali, yarinya ba ta barci da dare uwa ba ta barci.

Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo a dokar kuɗi ta 2021, ni dai ban ga wanda naira 10 ta hana sha ba.

A gidanmu na daina sayo lemon kwalba don baƙi. Ina zuwa Farin Gada in sayo lemon ɓawo da kankana, a yanka a kawo da ruwa. Ranar farko Hajiya ta ja ni gefe ta ce "kai, za a ce mun yi rowa fa." Na ce Hajiya ki dubi Yaya. Shiru ta yi, ta ɗauki farantin da kanta ta kai falo.