Ranakun zuwa ofis su zama ɗaya

Makon jiya na je gaisuwar rasuwar mahaifiyar wani abokin aikina. Sai da aka yi sadakar uku labarin ya iso kunnena, alhali tebur ɗaya ne tsakanina da shi a ofis. Shi Litinin da Laraba yake zuwa, ni Talata da Alhamis, sauran ranakun kowa yana gida gaban kwamfuta. Tsohuwar ta yi wata guda a kwance a asibiti, ko sau ɗaya ban je dubiya ba. Da na zauna kan tabarma a ƙofar gidansu na ce "ya haƙuri", wallahi kasa haɗa ido na yi da shi.

Ni ba na ƙin aiki daga gida. Korona ce ta fara tilasta mana shi a 2020. A Disamban 2021 Kaduna ta mayar da ranakun zuwa ofis huɗu a mako, da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuma Edo da Kwara suka sanar da kwana uku. Duk mai biyan kuɗin mota kullum daga Mararaba zuwa cikin Abuja ya san sauƙin da ke ciki, balle mai goyo.

Amma akwai abin da muke asara, kuma shi ya fi damuna. Da can kafin ka buɗe fayil ka zaga ka gaisa da kowa, ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki. A nan kake gane wanda fuskarsa ta canza. A Zoom kuwa kowa ya rufe kyamara saboda data, abin da ake ji kawai "kuna ji na?", ana gamawa a watse. Wa zai tsaya tambayar mai jiki?

Sababbin ma'aikata na fi tausayawa. Ni rubuta takardar ofis a wajen wani dattijo na koya. In mun fito sallar azahar sai ya ja ni gefe da jan biro, ya ce, "Yaro, ba a fara wa shugaba magana haka." Yarinyar da aka ɗauka bara har yau ba ta san rabin mutanen sashenmu a ido ba. In ta yi kuskure, gyaran a WhatsApp yake zuwa mata gaban mutum arba'in, babu mai jan ta gefe.

Roƙona ga shugabannin ma'aikatu: in kwana biyu ne za a zo, to kowa ya zo a ranakun nan biyu, a bar raba mu rukuni-rukuni. A yi azahar tare, a ci abinci tare. Abokin nawa jibi zai dawo aiki, na riga na nemi a mayar da ni Litinin da Laraba.